HORON SANA'A NA GWAMNATI GA MATASAN KARKARA: YADDA ZA A CI MORIYARSA

GABATARWA

Kowace shekara akan ji sanarwa a gidajen rediyo cewa gwamnati ta buɗe wani shiri na koya wa matasa sana'a. Matasa kan yi rububin rubuta suna, a zaɓi wasu, a horar da su, a raba musu takardar shaida, wani lokaci har da kayan fara aiki. Bayan 'yan watanni sai a tarar wasu sun kafu suna cin gashin kansu, wasu kuwa sun sayar da kayan sun koma zaman da suke yi a da. Sau da yawa malami ɗaya ne ya koyar da su, a aji ɗaya kuma suka zauna. Abin da ya bambanta su shi ne tanadin da aka yi a gida kafin a tafi horon, da kuma kulawar da aka samu bayan an dawo.

Saboda haka aka shirya wannan darasi domin malaman gona, da manoma masu 'ya'ya ko ƙanne da ke neman abin yi. Horo yana ba matashi sani. Fili, da jarin juyawa, da kasuwa, da wanda zai riƙa duba shi, waɗannan a gari ake samar da su, kuma ya kamata a fara neman su tun kafin a cika takardar neman shiga.

MANUFAR DARASI

A ƙarshen wannan darasi ana so mai karatu ya iya:

1. Bambanta ire-iren shirye-shiryen horo da abin da kowanne ke bayarwa.
2. Taimaka wa matashi ya zaɓi sana'ar da ake buƙata a yankinsa.
3. Lissafa abin da sana'ar za ta ci kafin ta fara kawo kuɗi.
4. Gane 'yan damfara masu fakewa da sunan gwamnati.
5. Bin diddigin matashi a shekararsa ta farko bayan horo.

KASHI NA ƊAYA: TAƘAITACCEN TARIHI

Horar da matasa da kuɗin gwamnati ya daɗe a Nijeriya. A 1971 aka kafa Asusun Horar da Ma'aikatan Masana'antu, wato ITF, wanda hedikwatarsa ke Jos. A 1973 aka kafa Hukumar Yi wa Ƙasa Hidima, NYSC, wadda a 2012 ta shigar da koyon sana'a cikin ayyukan sansanin masu hidima.

Hukumar da aka fi sani da wannan aiki a karkara ita ce Hukumar Samar da Aikin Yi ta Ƙasa, NDE. An kafa ta a ƙarshen 1986, lokacin da tattalin arziki ya shiga matsi, ta kuma fara aiki a 1987. Tana da ofis a kowace jiha. Daga cikin hanyoyinta akwai haɗa matashi da ƙwararren mai sana'a ya koya a shagonsa, da horon noma da kiwo ga matasan karkara, da kuma kai kayan koyarwa a mota zuwa ƙauyukan da ba su da cibiya.

A watan Disamba na 2014 Ma'aikatar Gona ta Tarayya ta ƙaddamar da shirin samar wa matasa aiki a harkar noma, YEAP, a zamanin da Dokta Akinwumi Adesina yake minista. A 2016 aka fara shirin N-Power, wanda reshensa na noma, N-Agro, ya tura masu digiri da difloma su taimaka wa malaman gona a jihohi, ana biyan su naira 30,000 a wata. An sallami rukuni biyu na farko a 2020, sannan aka dakatar da shirin a watan Oktoba na 2023 domin bincike. A 2020 kuma aka farfaɗo da Hukumar Bunƙasa Filayen Noma, NALDA, aka ɗora mata shirin matasa manoma. Akwai kuma shirin APPEALS da aka yi da rancen Bankin Duniya a jihohi shida, wato Kano, Kaduna, Kogi, Legas, Inugu da Kuros Riba, wanda ya horar da mata da matasa ya kuma ba su kayan aiki kafin wa'adinsa ya cika. A 2025 Ma'aikatar Ilimi ta Tarayya ta fito da sabon shirin koyon sana'a da fasaha kyauta, tare da ɗan alawus ga masu koyo.

Abubuwa biyu ne wannan tarihi ya nuna. Na farko, shirye-shirye suna zuwa suna wucewa, sunayensu na sauyawa da sauyin gwamnati, amma bukatar horo tana nan. Na biyu, kowane alawus yana da ranar ƙarewa. Matashin da ya ɗauki alawus a matsayin albashi, ranar da aka tsayar da shi zai koma inda ya fito. Wanda ya ɗauke shi a matsayin tsanin tara jari, shi ne zai fita da wani abu a hannu.

KASHI NA BIYU: IRE-IREN SHIRYE-SHIRYE

Ko da wane suna aka kira shiri, yakan faɗa ɗaya daga cikin waɗannan rukunai. Wajibi ne malamin gona ya gano rukunin kafin ya ba da shawara.

(a) Horo zalla. Ana koyarwa na 'yan kwanaki ko makonni, a ba da takardar shaida, a sallami kowa. Ya fi amfani ga wanda ya riga ya fara sana'ar, yana neman ƙarin sani.

(b) Horo da alawus. Ana koyo ko aiki na watanni, ana biyan wani abu a ƙarshen wata. Amfaninsa yana ga mai iya ajiya.

(c) Horo da kayan fara aiki. Bayan an gama, akan ba da 'yan tsaki, ko injin ban ruwa, ko famfon feshi, ko iri da taki. Kayan kan isa a fara, ba kasafai suke isa a kai ga girbi ba.

(d) Horo da rance. Takardar horon ita ce sharaɗin samun bashi. A nan a faɗa wa matashi da iyayensa a fili cewa bashi ne, za a biya. Ɗaukar rancen gwamnati a matsayin kyauta ya jawo wa shirin rancen manoma da Babban Banki ya ƙaddamar a Jihar Kebbi a watan Nuwamba na 2015 matsalar rashin biya, kuma irin wannan hali yana toshe wa na baya hanya.

Tambayoyi huɗu za a yi wa kowane shiri: Wace hukuma ce ke gudanar da shi? Tsawon wane lokaci zai ɗauka? Me za a bayar a ƙarshe, kyauta ce ko bashi? Wa zai zo dubawa bayan an gama?

KASHI NA UKU: ZAƁEN SANA'A

Kuskuren da aka fi yi shi ne matashi ya zaɓi sana'a don abokinsa ya zaɓe ta, ko don ita ce ake raba wa kaya masu tsada. In matasa goma a ƙauye ɗaya suka koyi abu ɗaya, tara daga cikinsu za su rasa masu saye.

Hanyar da ta fi ita ce a zauna da manoman garin a tambaye su: wane aiki ne kuke biyan kuɗi a yi muku, kuma sai kun je wani gari ko kun jira kwanaki kafin ku samu mai yi? Amsar wannan tambaya ita ce sana'ar da ke da kasuwa. A yawancin yankunan noma za a ji irin waɗannan:

1. Gyaran injin ban ruwa, da injin sussuka, da ƙaramar motar huɗa ta hannu. A wuraren noman rani, injin da ya lalace kwana uku yana iya jawo asarar gona.
2. Feshin magani bisa ƙa'ida. Mai feshin da ya san auna magani da ruwa, yana kuma sa rigar kariya, ya fi ƙarfin gasar masu feshi da ka.
3. Renon dashe na shinkafa, tumatir, barkono da albasa, da kuma aure itatuwa irin su mangwaro da lemo.
4. Noman ingantaccen iri a ƙarƙashin kamfanin iri ko ƙungiya, bisa kulawar Hukumar Kula da Irin Shuka ta Ƙasa.
5. Turara shinkafa, wato gumi, da busarwa da cashewa. Kilo 100 na shanshera mai kyau kan ba da kilo 60 zuwa 65 na tsabar shinkafa, kuma tsabta da rashin tsakuwa su ke ɗaga farashi.
6. Kiwon kaji, ko tarwaɗa, ko turkar raguna, da haɗa abincinsu.
7. Busar da kifi, da sarrafa rogo, gyaɗa ko waken suya.

A lura cewa yawancin waɗannan ba sa buƙatar babbar gona. Wannan yana da muhimmanci, domin matashi da yawa ba su da filin kansu, kuma 'yan mata da matan aure sun fi samun sauƙin shiga sana'ar da ake yi a cikin gida ko kusa da shi.

A kuma duba watannin aiki. Feshi aikin damina ne da noman rani. Wanda ya koyi feshi kaɗai zai zauna watanni ba ciniki, sai in ya haɗa da wani abu kamar sussuka ko adana hatsi a lokacin kaka.

KASHI NA HUƊU: TANADI HUƊU KAFIN A TAFI HORO

Hausawa sun ce ba a fafe gora ranar tafiya. Ga abubuwan da za a daidaita tun da wuri.

Fili ko wurin aiki. In uba zai ba ɗansa yanki daga gonar gandu, a auna shi, a sa iyaka, a kuma yarda cewa amfanin da ya fito na yaron ne. In aro ko haya za a yi, a rubuta yarjejeniya a gaban mai unguwa ko dagaci da shaidu, a ambaci yawan shekaru. Aron shekara ɗaya ba ya isar wanda zai haƙa rijiya, ko ya gina tafkin kifi, ko ya zuba takin gargajiya. A nemi aƙalla shekara uku. A ƙarƙashin Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978, ƙaramar hukuma ce ke ba da takardar izinin mallaka ta gargajiya a kan filayen karkara, don haka can za a nufa in ana son takarda.

Jarin juyawa. Wannan shi ne kuɗin da sana'a za ta ci daga ranar farawa zuwa ranar sayarwa ta farko. An yi bayaninsa a kashi na biyar.

Kasuwa. Matashi ya ambaci sunan mutum uku, ko shago uku, ko kasuwa ta mako, inda zai sayar. Ya je ya tambayi farashi da irin kayan da suke so, da lokacin da suka fi saye.

Ubangida a sana'a. Horon mako biyu ba ya mayar da mutum gwani. A nemi wani da ya yi shekaru a sana'ar, a gari ko maƙwabta, wanda ya yarda matashin ya riƙa zuwa wurinsa da tambaya.

KASHI NA BIYAR: MISALIN LISSAFI

A ɗauka an horar da matashi kiwon kajin nama, aka ba shi 'yan tsaki 100 da buhu 4 na abinci, kowane buhu kilo 25. A ido wannan kyauta ce babba. Amma bari a yi lissafi.

Kazar nama takan ci kilo 4 zuwa 5 na abinci kafin ta kai mako 7 ko 8. Kaji 100 ke nan za su ci kilo 400 zuwa 500, wato buhu 16 zuwa 20. Buhu 4 da aka bayar za su ƙare wajen ƙarshen mako na uku, daidai lokacin da kajin suka fara ci sosai. Saura buhu 12 zuwa 16 daga aljihun mai kiwo za su fito. Ban da wannan akwai allurar rigakafin cutar Gumboro da ta farin kashi mai kashe kaji da yawa, da gawayi ko kananzir na ɗumama ɗaki a makonnin farko, da ɓuntun shinkafa ko dusar katako na shimfiɗa, da ɗaki mai faɗin kimanin murabba'in mita 10 mai iska. A kuma sa ran mutuwar kamar 5 cikin 100 ko da an kula.

Matashin da bai yi wannan lissafi ba, a mako na huɗu zai fara ba kajin dusa da tsaki, su tsumbure, ya sayar da su a wulaƙance. Daga nan sai a ce kiwon kaji ba riba. Wanda ya yi lissafin yana da zaɓi uku: ya tanadi kuɗin abincin tun kafin kajin su iso, ko ya haɗa kai da ɗan'uwa mai jari su raba riba, ko ya sayar da rabin kajin a mako na uku ko na huɗu ga masu son renon gida, ya ciyar da sauran da kuɗin.

Haka za a yi wa kowace sana'a. A kiwon tarwaɗa, abinci kan cinye fiye da rabin kuɗin da za a kashe, kuma sai an yi wata 4 zuwa 6 kafin a kwashe. Kajin ƙwai ba sa fara yi sai sun kai mako 18 zuwa 20. Mai injin ban ruwa ko na sussuka kuwa ya ware wani kaso daga cinikin kowace rana domin mai, da gyara, da sayen sabon inji in wannan ya tsufa. A yi lissafin da farashin kasuwar garin na makon da ake ciki, domin farashi na sauyawa.

KASHI NA SHIDA: NEMAN SHIGA DA GUJE WA DAMFARA

Yawancin shirye-shiryen tarayya yanzu ta intanet ake rajistarsu. A shirya waɗannan tun kafin sanarwa ta fito: lambar shaidar ɗan ƙasa, NIN, asusun banki mai lambar BVN da sunan matashin kansa, lambar waya mai aiki, takardar shaidar ƙaramar hukuma, takardun makaranta in akwai, da ƙananan hotuna. A tabbata suna da ranar haihuwa sun zo ɗaya a dukan takardun, domin saɓanin harafi ɗaya kan hana biyan alawus.

Abin lura:

1. Ba a sayen gurbi. Duk wanda ya ce a ba shi kuɗi ya sa suna a jerin waɗanda aka ɗauka, a guje shi.
2. Kada a faɗa wa kowa lambar sirri ta katin banki, ko lambar da banki ya turo ta waya, ko da ya ce daga Abuja yake kira.
3. Saƙon da ke yawo a WhatsApp ko Facebook ba hujja ba ne. A tabbatar a ofishin NDE na jiha, ko hukumar raya aikin gona ta jiha, ko sashen gona na ƙaramar hukuma.
4. In an je shagon kwamfuta yin rajista, matashi ya zauna a wurin har a gama, ya tabbata lambar wayarsa da asusunsa aka sa.

Wanda bai samu gurbi ba kada ya zauna jira. Akwai cibiyoyin tarayya da kan shirya gajeren horo a fannoninsu, kamar Kwalejin Fasahar Kifi da ke New Bussa, da Kwalejin Lafiyar Dabbobi da ke Vom, da Cibiyar Injinan Noma ta Ƙasa da ke Ilori, da Kwalejin Lambu da ke Dadin Kowa. Ana iya tambayar lokacinsu da sharuɗɗansu ta hannun malamin gona.

KASHI NA BAKWAI: LOKACIN HORO DA BAYANSA

A lokacin horo, matashi ya riƙe littafi yana rubuta awo da adadi, ya sa hannu a aikin da kansa, ya kuma karɓi lambar wayar malamansa da ta abokan karatu. In ana biyan alawus, ya ware kaso tun ranar da kuɗin ya shigo. Mai koyon gyaran inji ko walda ya nemi zama jarrabawar gwajin sana'a ta Ma'aikatar Ƙwadago, domin takardarta tana da amfani wajen neman aiki.

Bayan an dawo, nauyi ya koma kan malamin gona da iyaye. Ana shawartar malamin gona da ya yi haka:

1. Ya buɗe rajistar duk matasan yankinsa da aka horar, da sana'ar kowa da abin da aka ba shi.
2. Ya ziyarci kowanne a makon farko, sannan sau ɗaya a wata har shekara ta zagayo.
3. Ya duba littafin shiga da fitar kuɗi a kowace ziyara. Wanda ba ya rubutawa ba zai san ko yana riba ba, banki kuma ba zai saurare shi ba.
4. Ya haɗa su ƙungiya mai rajista da sashen ƙungiyoyin gama kai na jiha. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka: ƙungiya na iya sayen abincin kaji ko taki a sari, ta kuma tunkari Bankin Manoma ko Hukumar Inshorar Aikin Gona da murya ɗaya.
5. Ya gabatar da su ga manoman gari a ranar taron gona, domin a san akwai mai feshi ko mai gyaran inji a kusa.

Su kuma iyaye, taimakonsu mafi girma shi ne su bar jarin ya tsaya da ƙafarsa. Kuɗin cinikin farko ba riba ba ne duka, akasarinsa uwar kuɗi ce da za ta koma cikin sana'a. In aka kwashe shi aka yi biki, ko aka sayi babur, ko aka biya bashin gida, zagaye na biyu ba zai yiwu ba. Haka nan kada a yarda a sayar da kayan da aka bayar, ko da an taya su da tsada.

KAMMALAWA

Gwamnati na iya biyan kuɗin malami, da wurin koyo, da kayan somawa. Daga nan abin da zai biyo baya yana hannun matashin, da gidansu, da malamin gonar yankin. A zaɓi sana'ar da gari ke nema, a daidaita fili a rubuce, a lissafa kuɗin da za a kashe har zuwa cinikin farko, a kuma ci gaba da ziyara shekara guda. Matashin da aka yi wa wannan tanadi zai amfana da kowane shiri da ya samu, komai ƙanƙantarsa.

TAMBAYOYIN BITA

1. Kawo rukunai huɗu na shirye-shiryen horo, ka faɗi wanda ya fi dacewa da matashin da ya riga ya fara sana'a.
2. Wace tambaya za ka yi wa manoman gari domin gano sana'ar da ke da kasuwa?
3. An ba matashiya 'yan tsakin nama 50 da buhu 2 na abinci. Buhu nawa za ta ƙara saye kafin kajin su kai sayarwa?
4. Me ya sa aron fili na shekara ɗaya bai dace da mai kiwon kifi ba?
5. Rubuta sunayen matasa biyar na yankinka da aka horar a shekaru uku da suka wuce, ka binciki abin da kowannensu yake yi yanzu, da dalilin ci gabansa ko tsayawarsa.